Murhun gashi na alminiyam mai murfi: Abin da na gani bayan na gwada shi

Duk wanda ya zagaya manyan kantunan kayan gida a Abuja ko Legas a ’yan shekarun nan ba zai rasa ganin wani irin murhun gashi ba, mai kama da baho biyu da aka kifa ɗaya a kan ɗaya, ga ƙafafu, wani ma har da tayu. Jikinsa alminiyam ne na zubi, wato narka shi aka yi aka zuba a mazubi kamar yadda ake ƙera manyan tukwanen biki, kuma da gawayi yake aiki. Mai sayarwa zai ce maka yana gashi, yana kuma banda. Iyalan da ke zaune a gidajen haya da rukunin gidaje, inda babu filin haƙa rami balle a gina tukuba, sun fara sa masa ido, musamman idan Babbar Sallah ta ƙarato ana tunanin yadda za a yi da naman layya.

Tambayar da aka fi yi mini a kansa a kantin magani ita ce: alminiyam ɗin nan ba ya shiga cikin nama ya cutar da mutum? Na samu guda na yi makonni ina gwada shi da kaza, da kafaɗar rago, da kifi, da tsire. Amsata a taƙaice ita ce alminiyam ɗin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abubuwan da ya kamata su dame ku. Akwai waɗanda suka fi shi, kuma yawancinsu suna hannun mai hura wutar ne.

Samfurin ba sabo ba ne, a wurinmu ne yake baƙo. Tun 1952 aka fara ƙera irinsa a jihar Teksas ta Amurka da sunan Portable Kitchen, kuma har yau tsarin bai canza sosai ba: kwano mai kauri a ƙasa, murfi mai nauyi a sama, ragar ɗora nama a tsakiya, sai ƙananan ƙofofin iska, biyu a ƙasa biyu a sama a wanda na gwada. Alminiyam ba ya tsatsa. Wanda ke zaune a Legas ko Fatakwal, ya ga yadda damina ɗaya ke cinye gindin kurfoti ko rabin duron da aka yanka don gashi, ya san darajar wannan. Sannan yana watsa zafi fiye da baƙin ƙarfe kamar sau uku zuwa huɗu, don haka zafin yakan zagaye jikin murhun gaba ɗaya maimakon ya taru a wuri guda. Amma fa wannan na nufin ko’ina a jikinsa ƙuna ne, har murfin da gefen da yaro zai iya dafawa.

Batun shigarsa cikin abinci kuwa, naman ba a jikin murhun yake kwanciya ba, a kan raga yake, ita kuma ragar galibi ta ƙarfe ce. Ko da ɗan alminiyam ya shiga abinci, abin da hanji ke tsotsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, ƙoda kuma tana fitar da shi ta fitsari. Kwamitin ƙwararru na haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa iyaka a 2011: miligiram 2 a kan kowane kilo na nauyin jiki a mako. Mai kilo 60 ke nan zai iya kaiwa miligiram 120 a mako ba tare da fargaba ba. Ku kwatanta da maganin ƙwannafi da olsa da ake saye kullum a wurinmu, mai sinadarin alminiyam haidiroksaid, wanda ƙwaya ɗaya kan ɗauki miligiram 200 zuwa 400 na sinadarin. Wanda ke tauna irin wannan ƙwaya bayan kowane abinci ya fi mai gashi a murhun alminiyam haɗiyar alminiyam nesa ba kusa ba. Zargin da aka daɗe ana yi cewa tukwanen alminiyam na haddasa cutar mantuwa ta tsufa ma bincike bai tabbatar da shi ba. Masu ciwon ƙoda mai tsanani su ne ke da dalilin yin kaffa-kaffa, domin ƙodarsu ba ta iya fitar da shi, kuma su ma magungunan ƙwannafin ne aka fi hana su.

Abin da zan ce ki kiyaye, uwargida, shi ne kada ki jiƙa nama da lemon tsami ko tsamiya ko tumatir a cikin kwanon alminiyam ya kwana. Tsami da gishiri suna cin alminiyam. Ki yi amfani da kwanon tangaran, ko na gilashi, ko na silba marar tsatsa.

Akwai kuma wata magana da sunan da muke kiran abin ke ɓoyewa. A kasuwa mukan ce tukunyar dalma, alhali alminiyam muke nufi. Dalma ta gaskiya ita ce gubar nan da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Inda abubuwan biyu ke haɗuwa shi ne wurin zubin da ake yi da tarkacen ƙarfe: tsofaffin sassan injin mota, gwangwanaye, da duk abin da ya narke. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan tukwanen da ake zubawa da irin wannan tarkace a Kamaru ya gano cewa suna sakin dalma cikin abinci. Saboda haka idan aka ba ka wanda aka kwaikwaya aka zuba a gida da araha, ka tambayi abin da aka narka, kuma ko yaya ne kada ka yarda ragar da nama zai hau ta kasance ta irin wannan zubi. Haka ma ragar tsohon firji ko wayar shinge da wasu ke ɗorawa a kan garwashi: an shafe su da sinadaran hana tsatsa waɗanda ba a yi su don wuta da abinci ba.

Murfi da ƙofofin iska

Kafin a ɗora komai, sai a fara hura masa wuta babu nama kamar awa guda, don man masana’anta da ƙurar kanti su ƙone. Daga nan a wanke raga a shafe ta da man gyaɗa.

Bambancinsa da gashin da muka saba yana wurin murfi. A tukuba ko a kan raga a buɗe, mai gashi da hannunsa da mafici yake sarrafa wuta: ya matso da tsinke, ya janye, ya yayyafa ruwa. A nan iska ake sarrafawa. Ka buɗe ƙofofin, garwashi ya yi ja. Ka rage su, wuta ta lafa. Ka rufe duka, ta mutu cikin ɗan lokaci, gawayin da ya rage kuma ya yi maka aiki gobe. Wannan na ƙarshe ya burge ni, ganin yadda buhun gawayi ya yi tsada a birane.

Dabarar da ta fi amfani ita ce raba murhun gida biyu. A tara garwashi a ɓangare ɗaya, a bar ɗaya ɓangaren babu komai sai ɗan faranti da ruwa a ƙasa don tare kitsen da ke ɗiga. A buɗe ƙofar ƙasa da ke ƙarƙashin garwashin, a buɗe ta sama da ke saitin naman, a rufe sauran biyun. Iska za ta shiga ta ƙarƙashin wuta, zafi da hayaƙi su ratsa ta kan nama su fita. Da haka na gasa kaza guda mai matsakaicin girma cikin awa ɗaya da kwata, fatar ta yi ja, cikin ya nuna har ƙashi, babu baƙi ko ɗigo. Tsire kuwa, wanda yankansa siriri ne, kai tsaye a kan garwashi ya fi, mintoci kaɗan ana juyawa. Gaskiya a nan murhun bai fi mai tsiren unguwarku ba, kuma ba zai fi shi ba. Wanda ya shekara ashirin a gaban wuta a Obalende ko Sabon Ibadan hannunsa ya san abin da murfi bai sani ba.

Inda ya nuna kansa shi ne a kafaɗar rago. Na rage iska har zafin cikin murhun ya tsaya tsakanin digiri 110 da 120 a ma’aunin Salshiyas, na jefa ’yan gutsattsarin busasshen icen gwaiba a kan garwashin don ƙamshi, na rufe. Awa biyar ya ɗauka, ana ƙara gawayi kaɗan-kaɗan. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Naman da a kan buɗaɗɗiyar wuta zai zama kamar igiya sai ga shi yana rabuwa da ƙashi da cokali. Dalili shi ne jijiyoyin da ke sa irin wannan yanka tauri suna narkewa idan sun daɗe a zafi marar tsanani. Ga tsofaffin gida masu matsalar haƙori, waɗanda akan bar su da romo ranar Sallah, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai kalmar banda da mai kanti ya yi amfani da ita tana iya yaudarar ku, kuma a nan ne na fi jin tsoro. Bandar da muka sani, ta kifi ko ta nama, busarwa ce: ana barin abu a kan hayaƙi har ruwan jikinsa ya ƙafe, shi ya sa yake yin makonni a rataye bai lalace ba. Kilishi ma rashin ruwa da gishiri da yaji ne ke tsare shi. Abin da wannan murhu ke yi dahuwa ce da hayaƙi. Naman yana fitowa da ruwansa, da laushinsa, kuma yana lalacewa kamar kowane dafaffen nama. Ƙamshin hayaƙin da ke jikinsa ba ya kare shi daga ƙwayoyin cuta, sai ma ya rufe warin da zai gargaɗe ki. Ƙa’idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a zafin ɗaki. Bayan haka ko dai ya shiga firjin da ke ƙasa da digiri 5, ko ya ci gaba da zama a wuta sama da digiri 60. A firji mai aiki kwana uku zuwa huɗu ne iyakarsa. Idan unguwarku wuta ba ta zama, ki gasa abin da za a cinye a ranar, sauran naman layyan ki soya shi ƙarau ko ki yi dambu kamar yadda iyayenmu ke yi.

Baƙin da ke jikin nama, da jan da ke cikinsa

Da yawanmu mun fi son gefen da ya ɗan ƙone. To, abubuwa biyu ne ke faruwa idan nama ya haɗu da wuta mai tsanani. Na farko, tsokar kanta, idan zafi ya haura kamar digiri 150 kuma ta daɗe a kai, tana samar da wasu sinadarai da ba su cikinta tana ɗanya. Na biyu, kitsen da ke ɗiga a kan garwashi ya tashi da harshen wuta da baƙin hayaƙi yana dawo da wasu sinadaran su manne a jikin naman. Ɗaya daga cikinsu, benzofairin, yana cikin hayaƙin taba sigari, kuma yana cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. A gwajin dabbobi dukkan rukunan biyu sun haifar da ciwon daji. A mutane kuwa, bincike ya nuna alaƙa tsakanin yawan cin ƙonannen nama da ciwon dajin hanji.

A watan Oktoban 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa naman da aka sarrafa, wato wanda aka adana da gishiri ko hayaƙi ko sinadarai kamar sosej, a rukunin abubuwan da ke haddasa ciwon daji, ta kuma sa jan nama a rukunin da ake kyautata zaton yana haddasawa. Lissafinta shi ne cin giram 50 na naman da aka sarrafa a kowace rana yana ƙara haɗarin ciwon dajin babban hanji da kashi 18 cikin ɗari. Ku lura da kalmar kowace rana. Ba a ce gashin Sallah ko na ƙarshen wata zai kwantar da kowa ba. Abin da nake gudu shi ne sabon murhu ya shigo gida, ɗoki ya sa a mayar da gasasshen jan nama abincin kowane dare.

Murfin nan yana taimakawa ƙwarai a nan, domin idan nama ba a saman garwashi yake ba, kitse a faranti yake ɗiga, harshen wuta ba ya tashi. Ki rage kitse kafin gashi. Ki jiƙa naman na ’yan awanni a firji cikin tafarnuwa, citta, albasa da lemon tsami, domin an ga irin wannan jiƙo yana rage samuwar sinadaran. Idan kai tsaye kike gasawa ki yawaita juyawa. Inda ya yi baƙi ƙirin a yanke a zubar, kada a ba yaro ya gwaigwaya. Hayaƙin da ake so siriri ne mai ɗan shuɗi-shuɗi. Idan ya yi kauri, fari fat ko baƙi, wutar ba ta samun iska, kuma naman zai yi ɗaci.

Icen da za a sa don ƙamshi ya zama busasshe, na itacen marmari kamar gwaiba ko lemo, ko ɓawon kwakwa. Gawayin kirya, wanda maƙera suka sani, yana daɗewa. Kada a kusanto da katakon da aka yi wa fenti, ko filawud, ko guntayen katakon rufi da aka yi wa maganin gara, balle roba da leda. Sannan idan an sauke, a zuba a faranti. Tawadar jarida ba abinci ba ce, har da ta wannan da kuke karantawa.

Ɗaya gefen matsalar shi ne naman da bai nuna ba. Kaza musamman tana ɗauke da ƙwayoyin salmonela da kamfilobakta, masu kawo gudawa, amai da zazzaɓi, wani lokaci kwana biyu ko fiye bayan an ci, har a manta da kazar a ɗora laifin a kan ruwa. Ido ba ya iya yanke hukunci a nan. Naman da aka dafa da hayaƙi yakan yi wani ja-ja a ƙarƙashin fata ko da ya nuna sarai, saboda iskar da ke fita daga garwashi tana kama launin tsokar. Wani kuma ya yi kyau a waje alhali gindin cinya da sauran jini. Ma’aunin da ke manne a murfi zafin iskar ciki yake nunawa, ba na naman ba. Ki nemi ɗan ma’aunin zafi mai tsinke da ake cakawa cikin nama, kuɗinsa bai kai na kaza biyu ba a yawancin kantuna. A caka a wuri mafi kauri ba tare da an taɓa ƙashi ba. Kaza da talotalo digiri 74. Niƙaƙƙen nama 71. Yankan sa ko rago da kifi 63, shi naman a bar shi ya huta minti uku kafin a yanka. Mai juna biyu kada ta ci wanda cikinsa ke da sauran ja ko kaɗan, saboda ƙwayar toksofilasma da ke iya illata ɗan tayi, kuma ta bar wa wasu hantar, domin sinadarin bitamin A ya yi yawa a cikinta.

Wani ɗan abu da ake yawan mantawa: farantin da ya kawo ɗanyen nama ba shi zai mayar da gasasshe ba, kuma yajin da aka tsoma ɗanyen tsire a ciki ba shi za a barbaɗa a ƙarshe ba. A raba yajin gida biyu tun farko.

Iskar da ba a gani

Duk abin da na faɗa a sama yana iya jawo ciwo ne a hankali ko na ’yan kwanaki. Wannan kuwa yana kisa a dare ɗaya. Gawayi idan yana ci yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Ita ce dai ke kashe iyali guda idan aka kwana da janareta a cikin gida ko a bakin taga. Tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa don rayuwa sau 200 ko fiye, sai jini ya riƙa zagayawa babu abin da yake kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Kuma ku lura: rage iskar da ke sa murhun nan ya yi dahuwa mai kyau shi ne kuma ke sa gawayi ya ƙara fitar da ita. Garwashin da ya lafa, wanda babu hayaƙi a kansa, wanda ake ganin kamar ya mutu, yana nan yana fitarwa.

Wurinsa fili ne, inda sama take a buɗe, nesa da taga da ƙofa. Na san jarabawar da ke zuwa. A Legas ruwa kan sauko ana tsakiyar gashi, ga tayu a ƙafar murhu, sai a ce a tura shi kicin ko gareji ko ƙarƙashin matakala a ƙarasa. A Jos da Abuja lokacin hunturu kuma sai a ce a shigo da sauran garwashin ɗaki a ji ɗumi. Buɗe taga ko kunna fanka ba ya wadatarwa. Barandar bene da aka rufe da gilashi ɗaki ce. Idan barandarku a buɗe take ma, ka tuna hayaƙin tagar maƙwabcin sama yake nufa, wataƙila da jariri ko mai asma a ciki.

Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa. Da irin waɗannan alamu ne mutane ke zuwa wurinmu suna neman maganin maleriya ko taifot. Abin da zai sa ka yi zargi shi ne mutum biyu ko uku a gida ɗaya su kamu a lokaci guda, babu zazzaɓi, kuma su ji sauƙi idan sun fita waje. A fitar da kowa fili nan take, a kai su asibiti ko da sun ce sun warware, domin maganinta iskar oksijin ce, ba madara ko manja ba. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce. Akwai ’yar na’ura mai batir da ke ƙara idan iskar ta taru a ɗaki. Gidan da ke da janareta da murhun gawayi ya cancanci ya mallake ta.

Wajen kunna wuta, a bar kananzir da fetur. Takarda ko busassun ƙirare a ƙarƙashin tulin gawayi sun isa, a jira minti 20 zuwa 30 har toka ta lulluɓe garwashin kafin a ɗora nama. Zuba kananzir a kan wutar da ta riga ta kama shi ne ke sa harshen wuta ya biyo zubin har cikin galan. Kananzir ɗin da ake ajiyewa a gorar lemo ko ta ruwa kuma yara na ɗauka su sha. Idan haka ta faru kada a sa yaro amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin haɗarin shi ne ya shiga huhu. Asibiti kai tsaye.

Ƙuna kuwa, ruwan famfo mai sanyi a kai na minti 20, a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsumma mai tsabta marar gashi. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, gishiri ko baƙin mai. Kada a fasa bororon. Idan ƙunar ta fi tafin hannun mai ita girma, ko a fuska take, ko hannu, ko gaɓa, ko al’aura, ko kuma ƙaramin yaro ne, a je asibiti.

Ga masu shan magani

Yajin tsire gishiri ne da dunƙule a cikin ƙuli-ƙuli, kuma ba a jin yawansu saboda barkono. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babba shawara shi ne ƙasa da giram 5 na gishiri a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a dukkan abincin ranar. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko na ƙoda zai iya cinye wannan a zama ɗaya. Alherin gashi a gida shi ne yajin a hannunki yake: ki ƙara citta, masoro, kanumfari da tafarnuwa, ki rage gishiri da dunƙule. Ƙuli-ƙulin ya zama sabo, domin gyaɗar da ta yi hunhuna tana ɗauke da gubar afalatoksin mai illa ga hanta, wadda wuta ba ta kashewa. Idan da baƙi, a tambaya ko akwai wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa.

Mai ciwon gaɓɓai irin na gawut ya yi nesa da hanta, ƙoda da sauran kayan ciki. Mai shan tiyofilin ko aminofilin don asma, da mai shan kulozafin, su sani cewa cin naman gawayi kullum na kwanaki a jere yana sa hanta ta riƙa narkar da waɗannan magunguna da sauri, ƙarfinsu ya ragu. Gashin rana ɗaya ba ya kai nan, amma makon Sallah da ake ci safe da yamma ya isa a faɗa wa likita idan aka ga canji.

Sai wadda nake gani kusan duk bayan biki. An ci nama da yaji, ƙwannafi ya taso, an sha maganin nan mai alminiyam ko maganiziyam, alhali mutum yana kan sifurofulokzasin ko doksisaikilin. Maganin ƙwannafin yana kama waɗannan a cikin hanji ya hana su shiga jini, sai a ce maganin jabu ne. Idan sifuro ne, a sha shi awa 2 kafin maganin ƙwannafi, ko awa 6 bayansa. Doksisaikilin ma a raba su da awa biyu zuwa uku.

Idan an gama, a rufe ƙofofin iska duka a bar shi ya huce da kansa. Kada a kwara masa ruwa yana da zafi, zubin na iya lanƙwashewa ko ya tsage, tururin kuma ya ƙona fuska. Toka na iya riƙe rushi har kwana biyu, don haka bokitin ƙarfe za a kwashe ta, ba kwandon shara na roba ba. Kada kuma a bar ta a ciki ruwan sama ya same ta: duk wadda ta taɓa tace ruwan toka ta san kaifinsa, kuma irin wannan kaifi yana cin alminiyam duk da ba ya tsatsa. Saboda wannan dalili ne ma ba a wanke shi da soda ko maganin wanke oben, ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke sun isa. Ragar kuwa, idan da burushin waya aka kankare ta, a bi ta da jiƙaƙƙen tsumma a duba da kyau, domin silin waya kan karye ya maƙale ya bi nama zuwa maƙogwaro. Ni rabin albasa nake cakawa a cokali mai yatsu in goge ta tun tana da ɗumi.